Kwantiragi, Sabon Suna da Auren Rufin Asiri a Tsohuwar Hollywood

Duk mai son rubuta labarin jarumar Hollywood ta wajen 1950, wadda zuciyarta ke son maza da mata duka, to ya fara daga takardar kwantiragi, don a nan aka ɗaure ta. Kamfani kan riƙe ɗan wasa shekara 7, amma galibi duk wata 6 kamfanin ne kaɗai ke da ta cewa, a ci gaba ko a sallama. In ka ƙi fitowa a fim sai a tsayar da albashinka, a kuma ƙara kwanakin a ƙarshen wa'adi. Wannan ƙarin bai kau ba sai da 'yar wasa Olivia de Havilland ta kayar da kamfanin Warner Bros a kotu a 1944. Ga kuma sharaɗin ɗa'a da kamfanin Universal ya shigo da shi a 1921: abin da ya zubar maka da mutunci a idon jama'a ya isa a kore ka.

Sai a sake mutum ɗungurungum. Margarita Cansino ta koma Rita Hayworth, aka rina gashinta ja, aka bi na goshinta da lantarki ana cirewa don kada a gan ta kamar 'yar Sifaniya.

In tsegumi ya taso, aure ne magani. A 1955 mujallar Confidential na shirin tona asirin ɗan wasa Rock Hudson cewa maza yake so, sai wakilinsa Henry Willson ya toshe mata baki da labarin zaman gidan yarin wani ɗan wasa, Rory Calhoun. Kafin shekarar ta ƙare Hudson ya auri Phyllis Gates, sakatariyar Willson ɗin. Auren ya mutu a 1958.

Inda marubuta ke zamewa shi ne su mai da kowane miji labule kawai. In haka ne, ai jarumar ba mai son ɓangare biyu ba ce. Dole a sami mijin da ta so tsakani da Allah, masoyiyarta kuma ta yi kishinsa, har ta zargi jarumar da cewa ita tana da mafaka duk ranar da ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Kada kuma a sa mata bakin 'yan yanzu. Dokar California ba ta daina hukunta mu'amalar jinsi ɗaya ba sai 1976, don haka ko a wasiƙa a dunƙule za ta yi magana.