Tarihin Rayuwata, Kashi na 19: Ɗakin Baba Fada

Makon jiya na tsaya a inda aka ɗauke ni daga aikin katikis aka ba ni kula da sashen tsofaffin firistoci a harabar cocinmu, can kudancin Kano. Yau zan jingine labarin kaina, domin tambaya ɗaya ta yi yawa: Fada, wato firist ɗin Katolika, in ya tsufa ina yake nufa, tunda ba mata ba ɗa?

Dokar Ikklisiya ta 1983 ba ta bar abin a duhu ba. Sashe na 538 ya ce Fadan da ke riƙe da coci, in ya cika shekara 75, ana roƙonsa ya miƙa wa Bishop takardar ajiye aiki. Bishop na iya cewa a ɗan ƙara, amma ranar da ya karɓa, ci da masauki sun hau wuyansa. Wannan ga Fadan dayosis ke nan, wato yankin da Bishop ke shugabanta. Na ƙungiya, irin su SMA, ƙungiyar mishan ta Afirka, ƙungiyarsu ce ke riƙe su. Mu abin sabo ne a wurinmu. Dayosis ɗin Kano, wanda ya haɗa Kano da Jigawa, sai a 1999 ya cika dayosis, turawan mishan na da kuwa galibi ƙasarsu suke komawa in ƙarfi ya ƙare.

In za a gina wa tsohon Fada ɗaki, kuskuren farko a zaɓen fili ake yin sa. Sai a ce tsoho na son shiru, a kai ɗakinsa can bayan gona. Mutumin da ya shekara arba'in ƙofarsa ba ta rabuwa da sallama, shirun nan ciwo ne. Ɗaki ya kasance taku ashirin ko talatin daga ɗakin addu'a, inda zai ji motsin kicin, a kuma ji shi in ya yi kira da dare. Tagogi kudu da arewa. Gabas hanyar ruwa da iska ce da damina, yamma kuwa ranar la'asar ce ke gasa bango, sai an tare ta da baranda ko darbejiya.

Sai rigima da birkila. Ya saba ɗora dokin ƙofa don kada ruwa ya shiga, ya saba da matsattsiyar ƙofar banɗaki. Duka biyun abokan gaban keken marasa lafiya ne, ko da yau Baba da ƙafarsa yake tafiya. Kowace ƙofa faɗinta ya kai santimita 90. Maimakon dokin ƙofa a yi gangare, a ja kwata a gabansa. Lissafin gangare ɗaya bisa goma sha biyu ne: in tudun dandamali santimita 30 ne, tsawon gangaren mita 3.6. Birkila zai ce ɓarnar siminti ce, ya so ya gajarta. In ya gajarta, mai turawa ba zai iya riƙe keken ba wajen sauka.

Banɗaki nan ne ake faɗuwa. Tayil mai ƙyalli ya fi kyau a ido, amma da ruwan sabulu ya taɓa shi ya zama karkashi. Simintin da aka ja wa tsintsiya tun yana ɗanye ya fi shi. Masai na zama, ba na tsuguno ba. Ƙarfen riƙo a bango kusan santimita 80 daga ƙasa, kuma a cika ramin bulon da kankare kafin a kafa shi, in ba haka ba ranar da aka jingina da gaske ranar zai fizgo. Ƙofar ta buɗe waje. In ta ciki ce, mutum ya faɗi a bayanta, jikinsa ne zai tokare ta.

Zafin Afrilu a nan yana haura maki 40. Allurar ciwon suga da ba a buɗe ba sanyin maki 2 zuwa 8 take so, wato firiji, firijin kuma sola ke riƙe shi. Ƙurar hunturu na rage ƙarfin farantan sola, don haka a wanke su da sassafe kafin su yi zafi. Ranar da batir ya gaza, a koma tukunya cikin tukunya, irin wadda Malam Muhammad Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa: yashi mai danshi a tsakani, jiƙaƙƙen buhu a baki. Ba ta kai firiji ba, amma kwalbar da ake kan amfani da ita za ta tsira. Da sanyi kuma a sa ido kan kaskon gawayi. Mai aiki zai kai shi ɗaki don tausayi, ya rufe taga, iskar da gawayin ke fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa.

Ajiye aiki ba ajiye firistanci ba ne. Sashe na 930 ya yarje wa tsoho ko marar lafiya ya yi Mas, wato babbar sujadar Katolika, a zaune in ba zai iya tsayuwa ba. In a gaban jama'a ne sai da izinin Bishop. Wanda ido ya tafi ma yana yi, da mai taimako a gefensa. Saboda haka bagadin ɗakin addu'a ya zama mai tsayin teburin cin abinci, da wurin shigar gwiwa, da kujera mai hannu.

Abinci kuwa, ƙauna ce ke kawo matsala. Zumuntar Mata in ba a tsara ba, kwano biyar za su sauka ranar Lahadi, Laraba ba ko ɗaya, kowanne da gishiri da magi son rai, ga mai hawan jini. Gara su kawo ɗanye, dawa, wake, kuka, ƙwan zabi, mai dafuwa ɗaya ta girka bisa maganar likita.

Abin da siminti ba ya gyarawa shi ne zaman tsoho da sabon Fada a gida ɗaya. Ba a sarki biyu zamani ɗaya. Mutane za su tsallake ofis su durƙusa a barandar Baba: "Baba Fada, kai ka yi mini baftisma, kai za ka ɗaura auren ɗana." Amsar da ta dace ita ce, "Madalla, ɗana, amma ka fara zuwa wurin Fada." Ba kara ba ce kawai, in mai riƙe da coci ko Bishop bai wakilta shi ba, auren bai ɗauru ba a dokar Ikklisiya. Tun ranar tarewa a zauna a raba: wace rana Baba zai ji furcin zunubi, wane Mas zai yi, wa ke riƙe makullin mota. A kuma ci tuwon dare a teburi ɗaya, ko da an wuni ana cijewa.

Mako mai zuwa sai maganar kwanan jinya, da yadda ake fitar da marar lafiya zuwa asibiti in hanya ta yanke a watan Agusta.