Abin da aikin rubuta tarihin kakanni don jana'iza ya koya mini

Idan tsohuwa ta yi barci cikin Ubangiji a gidajen Kirista masu bi na Filato, kudancin Kaduna ko Adamawa, iyali kan buga ɗan littafin jana'iza mai ɗauke da tarihinta. Kwana uku ko huɗu ake da su, shi ya sa yawancinsu ke fitowa iri ɗaya: mai haƙuri ce, mai addu'a ce, uwa ce ga kowa. Duk gaskiya ne, amma jikan da bai san ta ba zai karanta ya tashi hannu rabbana.

Shekaru ne wurin tuntuɓe na farko. Iyali na son a ce ta haura ɗari, alhali ba takardar haihuwa. Katin baftisma bai cika warware matsalar ba, domin a ikilisiyoyin ECWA, COCIN da EYN sai mutum ya yi wayo ya shiga ajin baftisma kafin a nitsar da shi. A irin su Katolika da Angilikan ne ake samun wanda aka yi wa tun yana jariri. Hanyar da ta fi ita ce a ɗauki shekarun ɗan fari a ƙara sha bakwai zuwa ashirin, sannan a tambaya ko akwai waɗanda suka rasu kafin shi, don tsofaffi ba sa son ambatonsu. Daga nan a gwada da abin da sa'o'inta ke tunawa: tana budurwa ko tana goyo lokacin zuwan Sarauniyar Ingila a 1956? 'Ya'ya nawa gare ta da aka fara yaƙin basasa a 1967? Wanne take shayarwa da naira ta maye gurbin fam a 1973? In lissafi ya tsaya a tamanin da bakwai, a rubuta "kimanin 87". Ba a rage mata komai ba.

Wanda za a tambaya ma abin lura ne. 'Ya'ya maza sun san kuɗin makarantar da ta biya, ba su san inda ta samo shi ba. Wannan labarin yana hannun ƙawayenta na Zumuntar Mata (ƙungiyar matan ikilisiya) da surukanta mata: tiya nawa na acca take surfawa ta kai kasuwa, wace waƙa take tayarwa da asuba, matan unguwa nawa ta yi wa wankan jego, ko ta koyi karatu ne a ajin yamma don kawai ta iya buɗe Littafi Mai Tsarki da kanta. A zauna da biyu ko uku daga cikinsu tare, a kunna rikoda a waya; ɗaya na gyara wa ɗaya.

Ƙidayar zuriya kuwa ɗaki-ɗaki ake yin ta, a rubuta sunaye, ba a karɓi jimilla daga bakin mutum ɗaya ba. A yanke shawara tun da wuri kan 'ya'yan riƙo da 'ya'yan kishiya, musamman inda aka yi auren kafin maigida ya zama Kirista. Mantuwa da suna ɗaya kan jawo gaba ta shekaru. Ita kanta a sa sunanta na yare, na baftisma, da wanda unguwa ke kiranta da shi.

Sauran aikin na maɗaba'a ne. Takardar A4 ake naɗewa biyu, don haka shafuka huɗu-huɗu suke tafiya: takwas ko sha biyu, ba goma ba. A tura aikin a PDF, in ba haka ba ɓ, ɗ da ƙ kan koma akwatuna a kwamfutar mai bugawa. Waƙa a rubuta layinta na farko tare da lamba, tunda ba littafi ɗaya kowace ikilisiya ke riƙewa ba. Ayar da ta fi so kuma a duba ta cikin nata Littafin, domin wadda ta haddace daga fassarar Hausa ta 1932 kalmominta sun bambanta da na sabuwar fassara da fasto zai karanta a kan bagade.