Ranar da na tura takardar neman adireshinmu

Yau Talata na isa ofis kafin ƙarfe takwas, hazon hunturu bai gama washewa a hanyar Samaru ba, domin na ƙudurta cewa ba zan koma gida ba sai na kammala takardun neman adireshin intanet, wato lambobin da ake gane na'urori da su a intanet, da lambar hanyar sadarwa waɗanda muka shafe wata biyu muna ɗagawa. Kamfaninmu ƙarami ne a Zariya, muna kai intanet ta eriya zuwa gidaje da shaguna da ɗakunan kwanan ɗalibai a Samaru da Palladan da Hanwa da wani sashe na Sabon Gari. Tun ranar da muka fara aiki, adireshin da muke amfani da shi na aro ne, wanda babban kamfanin da ke sayar mana da layi ya gutsuro mana daga nasa. Bara da suka sake tsari, sai suka karɓe na hannunmu suka ba mu wasu, muka kwana uku muna bin abokan ciniki ɗaya bayan ɗaya muna gyara na'urori, har wani mai shagon magani da ke duba kyamarar shagonsa daga gida ya yi mako guda bai ga komai ba. A lokacin na tabbatar cewa zanen aro ba ya rufe katara.

Hukumar da ke raba adireshi a nahiyarmu ita ce AFRINIC, wadda hedikwatarta ke tsibirin Moris, kuma a shekarar 2005 aka amince da ita a matsayin ta biyar, bayan ARIN ta Arewacin Amurka, da RIPE NCC ta Turai da Gabas ta Tsakiya, da APNIC ta Asiya, da LACNIC ta Kudancin Amurka. Kafin ta ba kowa komai, sai ya zama mamba. Na tara abin da ake bukata tun jiya: takardar rajistar kamfani ta CAC, da lasisin hukumar sadarwa ta NCC, da yarjejeniyarmu da mai sayar mana da layi, da rasit ɗin kayan aikin da muka saya, domin su tabbatar cewa hanyar sadarwar tana nan a ƙasa, ba a kan takarda kaɗai ba.

Da hantsi Alhaji, mai kamfanin, ya shigo, ya tsaya a bayana yana duban allon kwamfuta. Ya ce, "Injiniya, tunda dai za mu nema, ka nemi mai yawa, kada gobe mu sake komawa roƙo." Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ai rumbun ne ya kusa ƙarewa." Na bayyana masa cewa tsohon tsarin adireshi, wato IPv4, gaba ɗayansa bai wuce biliyan 4.3 ba, kuma tun ranar 3 ga Fabrairun 2011 babban rumbun duniya ya raba na ƙarshe ga hukumomin nan biyar. AFRINIC ce ta fi sauran daɗewa da ragowa a hannu, amma ita ma ta fara rabon tsimi a 2017, sannan daga Janairun 2020 ta ƙara tsuke bakin jaka, ta yadda mafi ƙarancin abin da ake bayarwa shi ne adireshi 256, mafi yawa kuma 1,024. Ya yi shiru, sannan ya ce to a rubuta 1,024 ɗin.

A nan ne aikin yinin ya tsaya mini, domin ba a rubuta adadi haka kawai. Dole ne a kawo jadawalin da ke nuna inda kowane adireshi zai tafi: nawa ne na turakun eriya, wato dogayen ƙarafan da muke ɗora eriya a kai, nawa ne na na'urorin ofis, nawa ne na masu kasuwanci da ke bukatar adireshin da ba ya canzawa, nawa ne kuma na sauran jama'a da muke haɗawa da yawa a bayan adireshi ɗaya. Na zauna da littafin abokan cinikinmu na ƙirga su turke bayan turke, na ƙara waɗanda muke sa rai idan turken Kwangila ya fara aiki, lissafin gaskiya bai kai 500 ba. Abu ne mai sauƙi in ƙirƙiro unguwanni biyu da ba mu shiga ba in cike gurbin, kuma na san akwai masu ganin hakan wayo ne. Ni ban ga wayo a ciki ba. Abin da ya rage a rumbun nan na Afirka ne baki ɗaya, kuma duk adireshin da na karɓa na ajiye ba tare da amfani ba, na hana shi ne ga wani ƙaramin kamfani irin namu a Maraɗi ko Garwa wanda bai ma fara ba tukuna. Bayan haka, ma'aikatan hukumar suna tambaya a kan kowane layi na jadawalin, kuma wanda ya fara hulɗa da ƙarya zai daɗe yana yi mata ciko. Na rubuta 512. Bayan sallar azahar na nuna wa Alhaji lissafin, ya bi shi da yatsa har ƙasa, ya ce, "Allah ya sa albarka, tura haka."

Lambar hanyar sadarwa, wadda muke kira lambar AS, ita ce ta fi faranta mini rai, ko da yake ita ce mutane ba su cika fahimta ba. Adireshi kamar lambar gida ne, ita kuwa lambar AS kamar sunan unguwa ce da mai unguwarta, wanda ke da ikon cewa ta wannan hanya za a shigo mana, ta waccan za mu fita. Da ita ne rautarmu, wato na'urar da ke zaɓa wa saƙonni hanya, za ta yi magana da rautocin wasu kamfanoni ta tsarin BGP, ta shelanta wa duniya cewa adireshin nan a wurinmu suke. Takardar ta tambayi waɗanda za mu haɗu da su, na rubuta kamfanin da muke tare da shi yanzu da na biyun da muka gama magana da shi a makon jiya. Ma'anar wannan a aikace ita ce, ranar da masu aikin titi suka tsinke wayar ɗaya, saƙonni za su koma ta ɗayar da kansu, ɗalibin da ke cike fom ɗin jarrabawa ba zai ma san an yi ba. Ina kuma fatan wata rana mu kai layinmu cibiyar musayar intanet ta Najeriya, IXPN, wadda ke da reshe a Kano, domin saƙon da zai tashi daga Zariya zuwa Kano ya daina dogon zagaye.

Na kuma nemi sabon tsari, IPv6, kuma a kansa ban yi shawara da kowa ba. Kason farko da ake ba kamfani irin namu ya isa a yanka wa abokan ciniki 65,536 kowa yankinsa na adireshi, kowane yanki kuma ya fi ƙarfin duk na'urorin da gida ko makaranta za su taɓa mallaka. Yana damuna ƙwarai yadda muke kokawa a kan ragowar tsohon rumbu alhali sabon yana buɗe, don kawai koyonsa yana bukatar zama.

Kuɗin rajista da na shekara da dalar Amurka ake biya, kuma wannan shi ne nauyin da Alhaji zai ɗauka. Na karanta masa yarjejeniyar don ya sani cewa ba saye muke yi ba. Amana ce ake ba mu muddin muna biya muna kuma amfani da ita yadda muka faɗa. Ya ce ai haka takardar fili take, ƙasa na hannun gwamna, mutum izinin zama yake riƙewa.

Ana kiran la'asar na danna tura. Amsar na'ura ta dawo da lambar bibiya, na kwafe ta a littafina na aljihu. Gobe idan Allah ya kai mu zan fara da turken Hanwa, in duba eriyoyin abokan ciniki ɗaya bayan ɗaya, in ware waɗanda za su iya ɗaukar IPv6 da waɗanda sai an canza su.