Fim ɗin Brick da yaron da ba ya dariya

Ina son Brick, fim ɗin da Rian Johnson ya fitar a 2005, saboda bai raina matasa ba. Brendan, ɗan sakandare a Kalifoniya, ya tsinci gawar tsohuwar budurwarsa Emily a bakin wata babbar kwata. Maimakon ya kai rahoto, sai ya ɓoye gawar ya shiga bincike da kansa cikin dillalan ƙwaya. Yana shan duka, yana tari, amma bai fasa ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne rashin manya. Uban dillalan ma a gidan mahaifiyarsa yake zaune, ita kuwa tana kawo musu lemo ba ta san komai ba. A garin San Clemente na Kalifoniya aka ɗauki fim ɗin, a makarantar da Johnson ɗin ya yi.