qemu-img ya ce ya gyara, amma faifan bai warke ba

An kashe injin da ke ɗauke da VM ɗin rumbun bayananmu ne don a ƙara masa memori, aikin da ko kusa bai shafi faifai ba. Inji ya tashi, baƙo ya tashi, wato VM ɗin, kwamfutar da manhaja ke gudanarwa a cikin injin, mutane sun fara aiki. Ba a jima ba sai baƙon ya fara kukan ba ya iya rubutu, ext4, tsarin fayilolinsa, ya koma karatu zalla. A log ɗin QEMU, manhajar da ke gudanar da VM ɗin, na tarar da "Marking image as corrupt", a gabansa kuma dalili: "overlaps with inactive L1 table". Wato QEMU ya zo zai zuba bayanan baƙo a kan teburin L1 (taswirar inda bayanai suke a fayil) na wani sinafshot (hoton faifai kamar yadda yake a wani lokaci), ya ankara, ya janye hannu, ya kunna bit ɗin lalacewa a kan fayil ɗin qcow2 da ke matsayin faifan VM ɗin. Daga nan ba zai ƙara buɗuwa don rubutu ba sai an gyara.

Na kashe VM ɗin, na yi kwafi biyu da cp --sparse=always, na cire wa na asali izinin rubutu. Wanda duk zai duba faifai irin wannan, ya kashe VM tukuna. Idan ka tilasta qemu-img check, kayan binciken faifai na QEMU, da -U alhali VM na aiki, kurakuran ƙarya za ka gani, domin wani ɓangare na teburan yana memori bai sauka ba.

Binciken ya fita da lamba 2, alamar akwai ɓarna. Layukan "Leaked cluster" ban ko kalle su ba, asarar wuri ce kawai. Waɗanda suka tsaya mini su ne "refcount=0 reference=1", da "refcount=1 reference=2", da tulin "ERROR OFLAG_COPIED". Kulasta ita ce yankin da ake yanka fayil ɗin a kai; refcount shi ne yawan masu nuna ta da fayil ya rubuta, reference kuma yawan da binciken ya ƙirga. Na adana duk abin da ya fito a fayil. A kan kwafi na farko na sa umarnin gyara duka, qemu-img check -r all. Ya yi ta jero "Repairing cluster", ya sake dubawa, ya rufe da "No errors were found on the image". Na haɗa kwafin da qemu-nbd, na sa e2fsck -fn, mai binciken ext4, shi ma ƙalau.

Shugaban sashenmu yana tsaye a kaina tun ɗazu. Ya ce, "To Malam, ai shi ke nan, a tayar mana da shi."

Na ce, "Yallaɓai, a ƙara mini lokaci. Lissafinsa ya daidaita, amma ban san abin da ke cikinsa ba."

Bai ji daɗi ba, kuma ban ga laifinsa ba. Kayan bincike biyu sun ce lafiya, ni kaɗai na ce a dakata.

Abin da -r all yake yi shi ne ya bi teburin L1 mai aiki da na kowane sinafshot, ya shiga teburan L2 da suke nunawa, ya ƙirga sau nawa aka nuna kowace kulasta, sannan ya rubuta abin da ya ƙirga a matsayin refcount. Idan ya ga biyu, biyu zai rubuta. Ba ya tambayar ko waɗannan biyun sun cancanci raba kulastar. Kamar fili ɗaya ne da aka sayar wa mutum biyu, magatakarda ya buɗe rajista ya rubuta "masu shi biyu ne", ya buga hatimi. Rajista ta yi daidai da takardu, amma ginin mutum ɗaya ne a filin. A faifan da ba shi da sinafshot, reference=2 kaɗai ya isa ya tayar da hankali. A mai sinafshot kuwa raba kulasta abu ne na yau da kullum, shi ya sa da zarar an gyara lambar, kulastar da aka yi wa ƙwace take sajewa da dubban da ake rabawa bisa ƙa'ida. Sake gudanar da binciken ba zai ƙara nuna maka ita ba. Da a kan fayil na asali aka yi gyaran nan ba tare da an adana sakamakon farko ba, da jerin lambobin da zan bi ya tafi.

Kan kwafi na biyu, wanda ba a taɓa ba, na koma. qemu-img map --output=json yana nuna inda kowane yanki na faifan baƙo ya faɗa a cikin fayil, amma na layi mai aiki kaɗai, wato faifan yanzu ban da sinafshot. Don ganin na sinafshot sai da na rubuta ɗan sikirif na Python. Ba wani abin wahala ba ne in kana da bayanin tsarin qcow2 a gabanka. Komai babban bayit ne a gaba. A bayit na 40 ake samun wurin L1 mai aiki, a na 60 yawan sinafshot, a na 64 wurin teburinsu, kuma kowane shigi na wannan teburin yana farawa da wurin nasa L1. Adireshi yana bit na 9 zuwa na 55, bit na 63 kuma shi ne COPIED, wanda ke cewa refcount ɗaya ne daidai, a rubuta kai tsaye ba sai an kwafa ba. Da kulasta mai KiB 64, teburin L2 ɗaya yana ɗauke da shigi 8192, wato MiB 512 na faifan baƙo. Saboda haka wurin kulasta a idon baƙo shi ne lambar L1 sau 8192, a tara da lambar L2, a ninka da 65536.

Tambaya ɗaya na sa sikirif ɗin ya amsa game da kowace kulasta da ta fito a kuskure: su waye ke nuna ta, kuma daga wane wuri a faifan baƙo? Mafi yawa, layi mai aiki ne da wani sinafshot, daga wuri guda. Wannan rabo ne na gaskiya da aka ɓata wa lissafi. Masu refcount=0 kuma kulastoci ne da ake amfani da su amma QEMU yana ganinsu a matsayin fanko, ba a kai ga taɓa su ba tukuna. Sai 'yan kaɗan da suka sa jikina ya yi sanyi: layi mai aiki yana nuna kulasta guda daga wurare biyu mabambanta.

Na ɗauki ɗaya. Na cire farkon fatishan, wato MiB 1 tunda daga sekta ta 2048 ya fara, na raba da 4096 don in sami lambar bulok na ext4. Kulasta ɗaya bulok 16 ce. A debugfs na ba icheck lambar bulok ya ba ni inode, na ba ncheck inode ya ba ni sunan fayil. Wuri na farko fayil ne na wani tebur a rumbun bayanai. Wuri na biyu fayil ɗin log na manhaja. Na buɗe kulastar da xxd, mai nuna ɗanyen abin da ke ciki, sai ga rubutu tsantsa, layi bayan layi na log, da kwanan watan ranar da agogon 'yan mintuna bayan an kunna inji. KiB 64 na teburin ciniki sun koma log. e2fsck ba shi da hanyar gani, domin ext4 yana sa wa bayanan tsarinsa lambar tantancewa amma ba ya sa wa abin da ke cikin fayil. Wannan faifan ne aka ce in tayar.

Ban gano musabbabin ba sai da na zura wa qemu-img snapshot -l ido. Sinafshot a jere, duk a sa'a ɗaya ta tsakar dare, VM SIZE sifili, VM CLOCK ma sifili. Na farkon bai dame ni ba, sinafshot na faifai zalla haka yake. Na biyun ne ya tona asiri. Idan QEMU mai aiki ne ya ɗauki sinafshot, yana rubuta agogon baƙo a ciki. Sifili yana nufin daga waje aka ɗauka da qemu-img, kuma wannan VM ɗin ya yi watanni ba a kashe shi ba. A cron, jadawalin ayyukan da inji ke yi da kansa, na sami sikirif ɗin da ke ɗaukar su, gadon wani da ya bar aiki tun kafin in zo: snapshot -c kowane dare, snapshot -d ga mafi tsufa, a kan fayil ɗin da VM ke rubutu a kai. QEMU ɗin injin ya girmi 2.10, sigar 2017 da ta zo da kulle fayil, saboda haka babu abin da ya taɓa hana shi. Takardun qemu-img sun faɗa ƙarara kada a canza faifan da VM ke amfani da shi. An dai yi.

Da ka san wannan, sauran a bayyane yake. QEMU mai aiki yana riƙe da teburan L2 da bulok na refcount a memorinsa. qemu-img ya zo daga waje ya ƙara refcount zuwa biyu, ya goge COPIED a kan faifai. Wanda ke aiki bai sani ba. Ya ci gaba da rubutu kai tsaye, kuma duk lokacin da ya sauke bulok ɗin refcount da ke hannunsa, sai ya danne na qemu-img, biyu ta koma ɗaya, wurin da aka ware wa L1 na sinafshot ya koma sifili. Ranar da aka goge wannan sinafshot, a rage ɗaya daga ɗaya, kulastar da ke ɗauke da bayanai masu rai ta zama fanko a rajista. Muddin tsohon QEMU ɗin bai mutu ba, yana ta ci gaba da ware sabon wuri can gaba, ba ya waiwayen baya. Da aka kashe aka kunna, sabon ya fara neman fanko daga farkon fayil, ya yi ta cika waɗannan ramukan da sabon rubutu, har ya ci karo da teburin L1 na sinafshot ya tsaya. Wannan tsayawar ita ta cece mu. A yadda yake zuwa, binciken karo yana kare teburan da ya san wurinsu, amma ba ya duba L2 na sinafshot sai an sa overlap-check=all, bayanan baƙo kuwa ba ya kare su ko kaɗan. Da bai faɗa kan L1 da wuri ba, da ya wuni yana cin rumbun.

Tunanin kowa a lokacin shi ne a koma sinafshot na daren jiya. Na ciro wani na makonni baya da qemu-img convert -l, na buɗe shi, sai na tarar da log na jiya a ciki. L1 ɗinsa yana nuna teburan L2 ɗin da VM ke ta canzawa a wurinsu, don haka bai taɓa daskarewa a ranar da aka ɗauke shi ba. Wani yanki na jiya, wani na wancan mako. Watanni ana kwana da sanyin zuciya cewa akwai wurin komawa, ashe babu ko ɗaya. Wannan ya fi ɓata mini rai a kan ɓarnar kanta.

Fitar ba ta yi wuya ba. qemu-img convert daga kwafin da ba a taɓa ba zuwa sabon fayil, domin karatu ta L1 da L2 yake bi, bai damu da refcount ba, kuma bit ɗin lalacewa rubutu kawai yake hanawa. Sabon fayil ya fito ba sinafshot, kowane wuri da kulastarsa. Da jerin fayilolin da sikirif ya nuna a hannuna, na san ainihin teburan da suka ci duka. Muka dawo da su daga juyen rumbun bayanai da ake turawa wani inji daban kowane dare, abin da ya ɓace tsakani aka sake shigar da shi da hannu. Da na nuna wa shugaban allon xxd, layukan log a tsakiyar teburin ciniki, shiru ya yi na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Malam, injuna nawa ne suke da sikirif ɗin nan?"

In irin wannan ta same ka, kada -r all ya taɓa fayil na asali, kuma kada ka yar da sakamakon bincike na farko, shi ne kaɗai wurin da lambobin kulastocin suke. -r leaks ba shi da haɗari a faifan da yoyo, wato "Leaked cluster", ne kaɗai matsalarsa. Amma da ka ga reference ya fi refcount a faifai mai sinafshot, nemo masu nuna kulastar kafin ka bar wani abu ya daidaita lambar. Sinafshot na VM mai aiki kuma ta hannun QEMU ɗin da ke riƙe da fayil ake ɗaukarsa, ko da virsh snapshot-create-as, ko da blockdev-snapshot-internal-sync ta QMP. Ni na koma sinafshot na waje, mai buɗe sabon fayil daban don rubutu, ta virsh da --disk-only tare da --quiesce, saboda fayil na ƙasa yana zama karatu zalla kuma ina iya kwafe shi zuwa wani wuri.

Amsar tambayar shugaban ba ta yi daɗi ba. Sikirif ɗin yana kan sauran injuna ma. A sababbin, kulle ya daɗe yana korarsa da "Is another process using the image?", saƙon yana tafiya akwatin wasiƙar da ba mai buɗewa, don haka su faifansu lafiya lau, sinafshot ne kawai ba su da shi. Tsofaffin ne abin tsoro, domin duk wanda VM CLOCK ɗinsa ya nuna sifili yana iya zama da ramuka a rajista yana jiran a sake kunna shi. Waɗannan mun hana a kashe su a tayar kai tsaye. Kowanne sai an kashe, an yi convert zuwa sabon fayil, an duba, sannan a tayar da shi a kan sabon.