Ranar da na wuni da masu azumin awa 25 a Mbale

Ni dai abin da ya kai ni Uganda a watan Oktoban 2019 ƙanina ne, yana karatu a Jami'ar Musulunci da ke Mbale, wadda ake ce wa IUIU, Hajiya ta matsa sai wani ya je ya gano mata shi da ido tunda shekara biyu bai zo gida ba. Na tashi daga Abuja, muka yada zango a Addis Ababa, sai Entebbe, washegari na kama bas daga Kampala. Wajen awa biyar muka yi a hanya, muka tsallake kogin Nilu a Jinja, rake da ayaba hagu da dama har ido ya gaji, can da yamma sai ga dutsen Wanale tsaye a kan garin Mbale gajimare ya rufe masa kai. Garin akwai ɗalibai ƴan Arewa sosai, har tuwo na ci a daren.

Kwana na uku muna shan shayi sai ƙanina yace, Yaya kin san akwai Yahudawa a garin nan? Nace wane irin Yahudawa kuma, Turawa? Yace a'a baƙaƙe ne kamar mu, manoma, wani abokin karatunsa Musulmi ma a sakandarensu yayi, kuma gobe babbar ranarsu ce. Goben ta kama 9 ga Oktoba, ranar ƴancin kan Uganda, babu lakca, shi ne muka ce bari mu je. Gaskiya da ɗar-ɗar na amsa, don ni tunda nake kalmar Yahudu a wuri biyu kawai nake jin ta, wajen tafsiri da kuma labaran Falasɗinu, kuma duk wanda ya san ni ya san inda zuciyata take a maganar Falasɗinawa, har yau tana nan ba ta gusa ba.

Da safe muka hau acaɓa, su boda boda suke cewa, muka bar kwalta muka kama jar hanya mai santsi saboda ruwan da aka kwana ana yi, har tudun Nabugoye. A hanya abokin nasa yake ba mu tarihi. Sunansu Abayudaya, wato mutanen Yahuda da harshen Luganda. Asalin abin wani jarumin ƙabilar Baganda ne Semei Kakungulu, wanda ya yi wa Turawan Ingila yaƙi ya ci musu ƙasashen gabashin Uganda da tunanin za su bar masa sarauta, da suka juya masa baya sai ya koma ya duƙufa karatun Baibul, ya ga shi dai littattafan Annabi Musa ne suka kwanta masa. A 1919 ya yi kaciya shi da ƴaƴansa maza ya ce daga yau su Yahudawa ne. Ya rasu a 1928. Zamanin Idi Amin aka hana su ibada aka rufe wuraren bautarsu, da yawa suka watse, sai ƴan ɗaruruwa suka rage suna yi a ɓoye, sai da ya faɗi a 1979 suka sake ɗagowa. Malaminsu na yanzu Gershom Sizomu a Amurka ya yi karatun zama rabbi, wato malamin addinin Yahudawa, kuma a lokacin da na je ɗan majalisar ƙasa ne, tun zaɓen 2016.

A bakin ƙofa wani dattijo ya tare mu, abokin ƙanina ya gaishe shi da yarensu ya ce baƙi ne daga Najeriya, Musulmi. Ya kalli hijabina ya yi murmushi yace mu shigo, sharaɗi ɗaya ne, waya a kashe, babu hoto yau. Ranar sunanta Yom Kippur, goma ga watan Tishri na kalandarsu, sabuwar shekararsu ta 5780 kwana goma kenan da shiga. Tun faɗuwar ranar jiya suka kama baki, ba ci ba sha har sai taurari sun fito yau, awa 25, ba sahur a tsakiya. Ba wanka, ba shafa mai, ba takalmin fata, shi ya sa za ka ga babban mutum da fararen kaya tsaf amma ƙafarsa silifas ɗin roba, wasu ma ba takalmin sam. Mazan da hulunan saƙa masu faɗi, in ba don tauraron da ke jiki ba sai ka rantse irin wadda alhazai ke rabawa tsaraba ce, sannan kowa ya yafa farin mayafi mai geza a kusurwa huɗu.

Na zauna cikin mata, kusa da wata tsohuwa da jikarta a cinya. Addu'o'in da Ibrananci suke, amma zabura da Luganda suke rera ta, kuma wallahi muryoyin nan in mata suka amsa wa maza sai ka ji ɗakin ya ɗauka, ba ganga ba jita, baki kawai. Ibrananci ban iya ba amma kunnena ya dinga tsintar kalmomi, yom kamar yaumu, melek kamar maliki, ehad kamar ahad, kippur ɗin ma ai ka ji kaffara a ciki. Akwai inda suke miƙewa gaba ɗaya suna jero laifuka, mun ci amana, mun yi ƙarya, mun yi gulma, kowane ɗaya sai mutum ya ɗan doki ƙirjinsa da dunƙulen hannu. Tsohuwar nan hannunta duk kanta ce ta fartanya, a hankali take bugawa, hawaye na bin kumatunta ba ta ko sharewa. Wata matashiya da ke jin Turanci ta raɗa min cewa a wajensu azumin nan laifin da ke tsakaninka da Allah kawai yake gogewa, haƙƙin mutum sai ka taka ka je ka nemi yafiyarsa kafin ranar. Nace mata mu ma haka malamanmu suka karantar da mu, haƙƙin wani ba ya faɗuwa.

Da azahar ta yi na fito ina waige-waigen inda zan samu ruwa, sai yarinyar nan ta biyo ni, ta je bayan wani gida ta ɗebo min ruwa a jarka ta kawo har da tabarma. Leɓenta ya bushe ya tsage, ita ko kurɓa ba za ta yi ba, amma ta tsaya tana zuba min ina alwala. Na tambaye ta alƙibla ta nuna min arewa ba tare da ta yi tunani ba, tace kawunta Musulmi ne. Haka garin yake, gida ɗaya ka samu addini uku, har ƙungiyar manoman kofi gare su, Mirembe Kawomera, Musulmi da Kirista da Bayahude a ciki. Yarinyar ce ma ta faɗa min a 2018 ma'aikatar cikin gidan Isra'ila ta ce ba ta amince da su a matsayin al'ummar da za ta iya ƙaura can ba, ta faɗa ne tana ɗaga kafaɗa, tace mu dai nan ne gidanmu.

Da la'asar aka buɗe akwatin da ke gaba aka fito da Attaura, fata ce a nannaɗe jikin sanduna biyu, rubutun hannu, bayan ita aka karanta labarin Annabi Yunusa tun daga jirgin ruwa har cikin kifi har tuban mutanen Ninaba. Mun saɓa da su a manyan abubuwa, ni na san wannan su ma sun sani, ba wanda ya yi ƙoƙarin jan wani, amma da aka zo wajen addu'arsa a cikin kifin sai na ji bakina na motsi da la'ilaha illa anta subhanaka.

Addu'ar ƙarshe a tsaye ake yin ta, sama da awa guda, mutanen da rabonsu da ruwa tun jiya, muryoyi sun dushe amma sai ƙara ɗagawa suke. Yara na ta leƙawa waje suna neman taurari uku. Can sai wani saurayi ya ɗauko ƙahon rago ya busa, busa ɗaya doguwa har sai da numfashinsa ya ƙare, tsigar jikina ta tashi. Shi kenan aka kaure da gaisawa, aka fito da shayi da ayaba da burodi, tsohuwar nan kafin ta kai komai bakinta sai da ta ɓare ayaba ta miƙo min.

Muna neman acaɓar komawa a cikin duhu muka ji ana buga guduma a bayan ɗakin ibadar. Wasu samari ne da tocila suna kafa itace, wai rumfar bikin Sukkot ce da za a shiga nan da kwana huɗu, mako guda a cikinta za su dinga cin abinci don tuna zaman Bani Isra'ila a hamada, rufin kuma dole ganye ne, a bar ƴan ƙofofin da za a hango taurari. Ganyen ayaba na nan jibge a gefe. Dattijon ɗazu ya rako mu har bakin hanya yace, ƴata ki dawo ranar Litinin ki ci matoke, dafaffiyar ayabarmu, a rumfa. Nace Baba jirgina Asabar ne. Yace to ki gaida mahaifiyarki.