Daga Damagaram zuwa Agadas, taswira da farashi a hanya ɗaya

A makon nan na dawo daga Agadas, ɗaurin aure ne ya kai ni, amma tunda aikina koyar da labarin ƙasa ne a lakwal, idona bai bar taga ba tun da kar ta tashi daga tasha da asuba. Ina so 'yan uwana malamai su karanta wannan, da yaran da muke sa su haddace sunayen yankuna ba su taɓa ganin ko ɗaya ba.

Kamar kilomita 50 da barin Damagaram sai ga matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a 2011, ganga 20,000 take iya tacewa a rana, ɗanyen man kuma ta bututu yake zuwa tun daga Agadem can jihar Diffa. Wani yaro da ke kusa da ni, ɗan aji huɗu ne a kwaleji, ya tambaye ni me ya sa ba a gina ta a bakin rijiyoyin ba. Wallahi tambayar ta yi mini daɗi. Na ce masa duba hanyar da muke kai, ga kwalta, ga babban gari kusa mai ma'aikata da masu saye, ga hanyar Kano a kudu, masana'anta ba albarkatu kaɗai take dubawa ba, tana duba inda za ta fitar da kayanta. Daga nan bai bar ni na huta ba har Tanut.

Ƙasar Damargu kowa ya san ta da hatsi, rumbuna sun cika gefen hanya, amma da ka wuce Tanut sai ka ga gonaki suna raguwa, itatuwa suna gajarta suna nisa da juna, sai ƙaya da ciyawa busasshiya da garkunan raƙuma da awaki. Nan ne iyakar noma da dokar 1961 ta shata, arewa da ita ƙasar makiyaya ce. Ni da nake zana layin nan da alli duk shekara, sai ga shi ina ratsa shi a zaune. Damagaram tana wajen digiri 14 arewa da layin da ya raba duniya biyu, Agadas tana wajen 17, kowane digiri kuma kusan kilomita 111 ne. Digiri uku kawai, amma ruwan saman da suke samu a shekara bai kai rabin namu ba, kuma mu ɗin ma kuka muke.

A wani shinge aka sauke mu duka ana duba takardu. Jami'in ya karɓi katina ya juya shi gaba da baya, ya ce hoton bai yi kama da ni ba. Na ce shef, a yi haƙuri, tsufa ne. Bai ko ɗago kai ba, ya sa katin a aljihu ya tafi shan shayinsa ya bar ni a rana, sai da direba ya je ya yi magana. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda ya daka wa wata tsohuwa tsawa, sa'ar uwarsa, don ba ta jin Faransanci. A gidanmu ba a yi mana tarbiyya haka ba, kuma kaki ba ya ba mutum izinin wulaƙanta tsoho.

Bayan Adarbisanat ka gangara tsaunin Tigidit, daga nan sai fili har ka hango hasumiyar masallacin Agadas, ta laka, mita 27, tun ƙarni na 16.

Masaukina tsohon abokin mahaifina ne, Buzu, ina ce masa Baba shi kuma yana ce mini ɗana. Mutumin nan bai bar ni na taɓa aljihu ba, shayi zagaye uku, cuku, dabino, da dare kuma bargo biyu don ɗarin can ba irin namu ba ne, rana ta ƙona ka dare ya daskarar da kai, haka hamada take saboda babu gajimare ko danshin da zai riƙe zafi. Shi ya kai ni kasuwa, kuma a nan na fi daɗewa. Tiyar hatsi ta fi ta kasuwar Dole tsada sosai, ban yi mamaki ba, ba a noma shi a nan, kowa kuma yana buƙatarsa, sai ka ɗora kuɗin mota da na mai da na shingaye da ribar ɗan kasuwa. Amma lemun Timiya da dankalin turawa da albasar lambunan Abzin, kai, araha har na riƙa sake tambaya. Baba ya ce albasarsu tana fitowa ne lokacin da ta Galmi ta yi ƙaranci, shi ya sa manyan motoci ke layi suna lodi zuwa kudu. Manomin da bai shiga aji ba ya san kaya yana daraja ne lokacin da ya yi wuya, mu kuwa muna ba yara wannan a layi biyu su haddace don jarrabawa. Kantun gishirin Bilma ma na yi ciniki, mai shi ya faɗi kuɗi, Baba ya yi masa magana da Buzanci, nan take ya rage kusan kashi ɗaya cikin uku. Da can ayari ke kai hatsin Damargu a musanya da gishirin nan da dabino, kowace ƙasa tana ba da abin da take da shi ta karɓi wanda ta rasa.

Abu ɗaya ban ji daɗinsa ba, kuɗin ɗaki da na abinci a gari sun yi yawa, mutane suna cewa tun da aka samu zinariya a Jado a 2014 komai ya tashi.

Dawowa babu wani labari, taya ta fashe kafin Tanut, muka iso bayan isha'i. Ranar Litinin zan shiga aji da kantun gishirin da lemu da tiyar hatsi, in ajiye kowanne a wurinsa a kan taswira, su yaran su faɗa mini inda kowanne zai fi tsada da dalili.